Me zai sa mutane su amsa tambayoyin bincikenmu?

Tambaya: Ina aiki a sashen bincike na wata ƙungiya. Mun tsara fom a intanet, muka tura wa duk waɗanda ke cikin rajistarmu ta imel da WhatsApp. Mako uku ke nan, amma ko ɗaya cikin goma ba su amsa ba. Shugabanmu ya ce mu sayi sabuwar manhaja, mu kuma baza fom ɗin a Facebook don adadin ya haura. Wace hanyar zamani ce ke ƙara yawan masu amsawa da gaske?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da kwantar da hankalinka, wannan ciwo ba a kanku farau ba. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta daɗe tana bayyana alƙalumanta a fili. A 1997, cikin gidaje 100 da ta nema ta waya, 36 ake kammala hira da su. A 2012 sun koma 9, a 2018 kuma 6. A watan Oktoban 2023 sai da hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta dakatar da fitar da wasu alƙaluman aiki da rashin aikin yi, saboda masu amsa bincikenta sun ragu har ita kanta ta daina sakin jiki da sakamakon. Waɗannan suna da kuɗi, suna da ƙwararru, suna da kowace irin manhaja. Da sayen manhaja ne maganin, da tuni sun warke.

Kafin in zo ga hanyoyi, bari in tsaya a kan shawarar baza fom a Facebook, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin tambayarka.

A 1936 wata mujalla a Amurka mai suna Literary Digest ta so ta faɗi wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Ta aika takardu kusan miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo. Da wannan tulin amsoshi ta yi shelar cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Ranar zaɓe Roosevelt ya samu kusan kashi 61 cikin 100 na ƙuri'u, Landon kuwa jihohi biyu kacal ya ci. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, wanda mutanen da ya tambaya ba su kai ko kusa da na mujallar ba, shi ya faɗi daidai. Abu biyu suka kayar da mujallar. Sunayen da ta yi amfani da su daga littattafan lambobin tarho da rajistar motoci ta kwaso su, wato masu hannu da shuni sun yi yawa a ciki. Na biyu, magoya bayan Landon sun fi zumuɗin cike takarda su mayar. Shekara biyu bayan haka mujallar ta rufe.

Kada ka ce wannan labarin zamanin da ne. A 2021, lokacin rigakafin korona, wani bincike da ake yi ta Facebook a Amurka yana samun amsoshi kusan 250,000 duk mako. Da masana suka gwada shi da alƙaluman hukumar lafiya, sai suka tarar a watan Mayu ya ƙara yawan manyan da suka karɓi allurar farko da maki 17 cikin 100. Wani ƙaramin bincike na kafar labarai ta Axios da kamfanin bincike na Ipsos, mai amsoshi kusan 1,000 a kowane zagaye amma daga mutanen da aka zaɓo ta ƙuri'a, ya fi shi kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Masu nazarin sun lissafa a mujallar Nature cewa irin waɗancan amsoshi 250,000 za su iya zama ba su fi darajar amsar mutum 10 da aka zaɓo da kyau ba. Taron tsintsiya ba shara ke nan.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Kuskuren da rashin amsa ke jawowa yana da ƙafa biyu: yawan waɗanda suka yi shiru, da kuma yadda suka bambanta da waɗanda suka yi magana a kan ainihin abin da kake tambaya. In masu shirun tamkar masu amsar suke, ko da kaɗan suka amsa ba ka yi asara mai yawa ba. In kuwa waɗanda suka yi fushi da ƙungiyarku ne suka ƙi buɗe saƙon, to ko rabin rajistar ya amsa, rahotonka zai ce kowa na jin daɗi alhali ba haka ba ne. Robert Groves, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙidayar Amurka, da Emilia Peytcheva sun tattara bincike 59 a 2008, suka nuna cewa kason masu amsawa shi kaɗai ba ya faɗa maka girman karkatar sakamako. Wasu na ɗaukar wannan hujjar su ce ashe ƙarancin amsa ba komai ba ne. Ban yarda da su ba. Duk lokacin da tara cikin goma suka yi shiru, ƙofar kuskure a buɗe take wangale, kuma ba ka da tabbacin abin da ya shigo. Abin da nake so ka riƙe shi ne, aikinka ba tara amsoshi ba ne, jin muryar waɗanda ba ka ji ba ne. Baza fom a Facebook zai ƙaro maka irin mutanen da ka riga ka samu, ya haɗa da waɗanda ba sa cikin rajistarku ma, sannan ya raba ka da ikon lissafa kason masu amsawa baki ɗaya, tunda ba ka san mutum nawa suka gani ba.

To, ina za ka fara? Ka fara da tambayar kanka: waɗannan tara cikin goma, me ya hana su? Ba cuta ɗaya ke damunsu ba. Akwai wanda saƙon bai taɓa isa gare shi ba, imel ɗinsa ya mutu ko ya sauya lamba ko saƙon ya faɗa akwatin tarkace. Akwai wanda ya gani ya ƙi, ko ya ce sai anjima ya manta. Akwai kuma wanda yake so amma abin ya gagare shi: ba data, ko wayarsa ba ta buɗe fom ɗin, ko harshen da aka rubuta ba nasa ba ne, ko karatu na yi masa wuya. Maganin na farko gyaran rajista ne da sauya hanya. Na biyu yarda yake buƙata da tuni. Na uku a sauƙaƙa masa, ko a je gare shi. Mai tura saƙon tuni iri ɗaya ga dukansu kamar likita ne da ke ba kowa ƙwaya ɗaya bai auna kowa ba.

A nan ne kayan zamani ke da babban amfaninsu, kuma shi ne amfanin da aka fi yin sakaci da shi. Takarda in ta tafi ba ta dawo ba, ba ka san abin da ya same ta ba. Fom na intanet kuwa yana barin sawu. Masanin nan Mick Couper ne ya raɗa wa irin waɗannan bayanai suna a 1998, ni dai sawun aiki nake ce musu: wa ya latsa, da wace irin na'ura, ƙarfe nawa, minti nawa ya yi, a wace tambaya ya tsaya ya fita. Amma ba za ka ga sawun ba sai in kowane mutum yana da nasa mahaɗin, wato adireshin intanet da ake latsawa a buɗe fom, ko tasa lambar shiga. In mahaɗi ɗaya kuka tura wa kowa, wannan ne gyara na farko, kuma galibin manhajojin da ake da su suna iya yin sa ba sai an sayi sabuwa ba. Da shi za ka daina damun wanda ya riga ya amsa, ka hana mutum ɗaya cikewa sau uku, ka kuma ɗora jerin masu amsawa a kan rajistar ka ga wane rukuni ne babu: mata ne, tsofaffi ne, sababbin shiga ne? Abu ɗaya dai, kada ka dogara da alƙaluman "an buɗe imel". Tun 2021 manhajar imel ta Apple ke buɗe hotunan saƙo da kanta don kare sirrin mai waya, sai ta nuna an buɗe alhali ba a karanta ba. Latsa mahaɗi ne shaida.

Na taɓa aiki a wani bincike da muka yi ta zargin mutane da rashin kishi. Da muka duba sawun, sai muka ga sun shigo, sun fara, amma da yawansu a wuri ɗaya suke ficewa: tambayar kuɗin shiga, wadda muka sa tun a shafin farko kuma muka hana a tsallake ta. Muka mayar da ita ƙarshe, muka ba da zaɓin "ba na son faɗa", muka sa rukunonin kuɗi maimakon a rubuta adadi. Ficewar ta ragu ƙwarai. Laifin namu ne, ba nasu ba.

Sai batun yarda. Ka sa kanka a matsayin wanda saƙo ya shigo wa daga lambar da bai sani ba, da mahaɗi a ƙasa, ana ce masa ya latsa ya ba da bayanansa. Wannan ita ce siffar saƙon 'yan damfara sak, kuma shekara da shekaru ana gargaɗin mutane kada su latsa. Wanda ya ƙi latsawa hankali ya yi. Don Dillman na Jami'ar Jihar Washington, wanda tun 1978 ake bin tsarinsa a wannan fage, ya gina komai a kan abu uku: a ƙara wa mutum abin da zai amfana, a rage masa wahala, a sa ya yarda cewa alkawarin da aka yi masa za a cika. A aikace, sanarwa ta riga fom isa. Kwana biyu ko uku kafin mahaɗin, mutum ya ji daga bakin wanda ya sani, da sunan ƙungiyar a fili, cewa saƙo na tafe, ga dalilinsa, ga mintocin da zai ci, ga lambar da zai kira ya tabbatar. A kira shi da sunansa. A faɗa masa yadda aka samu lambarsa da abin da za a yi da amsarsa, da wanda zai gan ta da wanda ba zai gani ba. Kuma duk abin da aka faɗa ya zama gaskiya, domin in ka ce minti biyar ya tarar ashirin ne, ka rasa shi a wannan binciken da na gaba.

Yanzu ga tambayarka kai tsaye, wace hanya ce ta fi? Amsar da za ta ba shugabanku mamaki ita ce, intanet ita kaɗai ba ta ƙara yawan masu amsawa, rage shi take yi. Nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwaje masu yawa, ɗaya a 2008 wani kuma bayan shekara goma sha, sun sami cewa fom na intanet na baya da sauran hanyoyi da maki 11 zuwa 12 cikin 100. Araha ce ƙarfinta, da sauri. Hikimar ita ce ka bar ta ta kwashe masu sauƙin samu da kuɗi kaɗan, abin da ka adana ka kashe shi a kan masu wuyar samu. Haka manyan ƙidayoyi ke yi yanzu. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 an aika wa yawancin gidaje wasiƙa mai lambar shiga, wasu yankuna aka kai musu takarda tun farko, sannan jami'ai suka bi waɗanda suka yi shiru ƙofa-ƙofa. Kashi 97 cikin 100 na gidaje suka amsa, kusan kashi 89 na amsoshin ta intanet suka zo. A Amurka a 2020, karon farko da intanet ta zama babbar hanyar ƙidaya, kashi 67 ne suka amsa da kansu, sauran sai da aka bi su. Ka lura, ƙidaya doka ce ke bayanta, kada ka auna kanka da waɗannan alƙaluma. Tsarin za ka ɗauka.

Tsarin kuwa bi-da-bi ne, ba a zube wa mutum komai lokaci guda. Mutum zai zaci in aka ce masa "ko ka cike takarda, ko ka shiga intanet, duk wanda ka ga dama" zai fi amsawa. Rebecca Medway da Jenna Fulton sun tattara gwaje-gwaje a 2012 suka ga akasin haka: ƙara zaɓin intanet a kan takarda lokaci guda rage amsa yake yi. Wanda aka ba zaɓi sai ya ajiye takardar da niyyar zai yi a waya anjima, anjimar kuma ba ta zuwa. Don haka a fara da hanya ɗaya, mafi araha. Wanda ya yi shiru a bi shi da wata daban, daga imel zuwa saƙon tes, daga nan kiran waya, a ƙarshe a je gare shi, domin zuwa da kai ya fi aike. Sauya hanyar shi ke kawo sababbin fuskoki. Imel na biyar yawanci irin mutanen imel na farko yake kawowa.

Haɗa hanyoyi na da nasa tarko, ba zan ɓoye maka ba. Mutum ba ya amsa wa na'ura yadda yake amsa wa ɗan'adam. A gaban mai tambaya yana jin kunya, yana gyara amsa don a gan shi da mutunci. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 1998 ya nuna samari a Amurka sun fi faɗin al'amuran sirri, irin su shan ƙwaya, lokacin da suka saurari tambaya ta abin sawa a kunne suka latsa amsa da kansu, fiye da lokacin da suka cike takarda suka miƙa. Saboda haka ka rubuta kowace tambaya yadda za ta karantu a ido ta kuma ji daɗin kunne ba tare da an sauya kalma ba, ka ajiye shaidar hanyar da kowace amsa ta biyo, tambayoyi masu nauyi kuma ka bar mutum ya amsa su shi kaɗai ko da ma'aikacinka na zaune a gefe.

Fom ɗin kansa fa? Ka buɗe shi a ƙaramar waya mai arha, a inda sabis ke da rauni, ka cike shi da babban yatsa ɗaya. Abin da ka ji shi mutanenka ke ji. Teburin nan mai layuka goma da ginshiƙai biyar, da yake da kyau a kwamfutar ofis, a waya azaba ne. A warware shi, tambaya ɗaya bayan ɗaya. A cire manyan hotuna masu cin data. A bar mutum ya tsaya ya dawo ya ci gaba daga inda ya bari. Tambayar farko ta zama mai sauƙi kuma ta shafi abin da aka ce za a tambaya, shekaru da matakin ilimi su jira ƙarshe, abin da kuma ke cikin rajistarku kada a sake tambayarsa. Tsawo kuwa shi ne babban maƙiyi. Mirta Galesic da Michael Bosnjak sun gwada a 2009, suka faɗa wa wasu minti 10, wasu 20, wasu 30. Duk yadda lokacin ya ƙaru, masu farawa da masu gamawa raguwa suke, kuma tambayoyin ƙarshe amsar gaggawa suke samu. Ni ma'aunina ɗaya ne: duk tambayar da ba za ka iya faɗa mini wace shawara za ta sauya ba, cire ta. Za a yi rigima a ofis, kowane sashe na son tasa ta shiga, amma rigimar ta cancanta. Sandar nan mai nuna inda aka kai ma a yi hattara da ita, in tana tafiyar hawainiya a farko tana ƙara korar mutane.

Saƙon tes yana isa kowace waya, amma ba ya ɗaukar kaya. Harafi 160 ne saƙo ɗaya, kuma ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: da zarar harafi ɗaya da ba ya cikin jerin asali na wayoyi ya shiga, kamar ƙ ko ɗ ko ɓ, iyakar na faɗowa zuwa 70, saƙon ya rabu gida-gida, kuɗin ya ninka. Ka gwada kafin ka tura wa dubbai. Kiran na'ura mai cewa "latsa 1, latsa 2" yana taimakon wanda karatu ke yi wa wuya, sai dai mutane na saurin kashewa, bai dace da abin da ya wuce 'yan tambayoyi ba. WhatsApp na da daɗin hira, ana iya tura tambaya da murya a karɓi amsa da murya, amma a tsarin da WhatsApp ya tanadar wa kamfanoni sai mutum ya amince tukuna, kuma in awa 24 ta wuce bai ce komai ba, sai da saƙon da aka riga aka tantance za ka sake taɓa shi.

Tukuici yana aiki, wannan ba a jayayya. Abin da ake kuskure shi ne lokacinsa. Tun daga nazarin Allan Church na 1993 zuwa ayyukan Eleanor Singer na Jami'ar Michigan, sakamakon ɗaya ne: ɗan abu kaɗan da aka ba mutum tun farko ba da sharaɗi ba ya fi babban alkawarin "in ka gama za ka samu" tasiri, caca kuwa ta "mutum ɗaya zai ci waya" ita ce mafi rauni. Shi ya sa masu bincike a Amurka ke sa dala 1 ko 2 a cikin ambulan. Wanda aka fara yi wa alheri yakan ji nauyin ramawa, kuma kyautar na shaida masa cewa mai saƙon ba ɗan damfara ba ne. Inda ba a aiki da wasiƙa, ɗan katin waya ko data da aka tura tare da sanarwa na yin wannan aiki, yana kuma biya wa mutum abin da zai kashe wajen cikewa. Wani abin da ya fi burge ni, Groves da Singer da abokiyar aikinsu sun nuna a 2000 cewa tukuici ya fi jawo waɗanda batun bai dame su ba, wato ainihin mutanen da suka ɓace maka. Amma kada ka taɓa haɗa tukuici da mahaɗin da kowa zai iya buɗewa. Cikin kwana ɗaya masu cikewa sau ɗari da na'urorin bogi za su cika maka rumbu da ƙaiƙayi.

Tuni sau biyu zuwa huɗu ya isa, a ranaku da lokuta daban-daban, kowane da kalmominsa. Wanda ya ce a ƙyale shi a ƙyale shi nan take.

Bayan duk wannan za a samu ragowa, kuma a kansu nake so ka kashe mafi yawan tunaninka da kuɗinka. Dabarar tsohuwa ce, Morris Hansen da William Hurwitz suka kawo ta tun 1946, kayan zamani dai sun sauƙaƙa ta. Mu ɗauka rajistarku mutum 1,000 ce, 100 suka amsa, 900 suka yi shiru. Ba ku da ƙarfin bin 900 ɗaya bayan ɗaya. To a zaɓo 150 daga cikinsu ta ƙuri'a, ba waɗanda suka fi kusa ko aka fi sabo da su ba, a zuba musu dukan ƙoƙari: ƙwararren mai kira, kira a lokuta daban-daban har da yamma da ƙarshen mako, ziyara in ta kama, gajeren fom mai tambayoyi biyar mafi muhimmanci ga wanda ba shi da lokaci. A lissafi kowane ɗaya daga cikinsu yana wakiltar mutum 6. In ka samu mafi yawansu, ka san abin da ƙarin amsoshi dubu daga Facebook ba za su taɓa faɗa maka ba: shin masu shirun ra'ayinsu ɗaya da masu maganar, ko kuwa? In ɗaya ne, ka samu hujjar tsayawa a kan sakamakonka. In ba ɗaya ba ne, ka tsira daga kai wa shugabanni rahoton da zai ɓatar da su. Groves da Steven Heeringa sun faɗaɗa wannan tunani a 2006: kada a tsara komai a rufe ido sai ƙarshe, a riƙa duba sawun aiki ana cikin tafiya, inda aka ga wani rukuni na baya a karkata ƙarfi can. Wani lokaci wannan na nufin ka bar amsoshi 50 masu sauƙi don ka samu 20 masu wuya. Kason da za ka rubuta ba zai yi ƙyalli sosai ba, amma sakamakon ya fi gaskiya, kuma ni shi zan zaɓa.

Rajistar nan taku ma dukiya ce da ba kowa ke da ita ba. A 2020, da korona ta hana shiga gidaje, Bankin Duniya da hukumomin ƙididdiga na ƙasashe irin su Habasha da Malawi da Najeriya da Uganda sun koma binciken waya. Ƙarfin aikin shi ne lambobin daga gidajen da aka riga aka ziyarta ido da ido aka samo su, don haka an san siffar waɗanda ba su da waya da waɗanda ba su ɗauka ba, aka kuma daidaita nauyin amsoshi da wannan sani, wato aka ƙara wa amsar rukunin da ya yi ƙaranci nauyi a lissafi. Kai ma abin da ka sani game da duk mutanen rajistarku, jinsi da shekaru da daɗewa a ƙungiya, shi zai ba ka damar yin irin wannan gyara. Sai dai gyaran nauyi abin da ka auna kaɗai yake gyarawa. Ba ya ƙirƙiro muryar rukunin da ko mutum ɗaya bai amsa daga cikinsa ba.

In har za ku tura ma'aikata fili, manhajojin kyauta sun wadatar: ODK, KoboToolbox, Survey Solutions na Bankin Duniya, CSPro na hukumar ƙidayar Amurka. Suna aiki ba sabis, su tura bayanai in an samu, suna ɗaukar wuri da lokaci. A sa ma'aikaci ya rubuta kowace ziyara, har wadda bai samu kowa ba, da dalilin da mai ƙi ya bayar. Roƙona a nan, kada a biya shi bisa yawan fom ɗin da ya cike kawai. Wanda abincinsa ya rataya a kan adadi zai bar gidan da aka zaɓa ya shiga na maƙwabci mai sauƙin kai, wani ma ya zauna a inuwa ya cike da kansa. A biya shi wahalar komawa sau uku, a saurari ƙorafinsa, domin shi ne ya san kalmar da ke buɗe ƙofa da wadda ke rufe ta.

Game da rahoto, ka rubuta lissafin a buɗe: mutum nawa aka nema, nawa saƙo bai isa gare su ba, nawa suka ƙi, nawa suka fara suka bari, nawa suka gama. Ƙungiyar masu binciken ra'ayi ta Amurka, AAPOR, tana da hanyoyi shida na lissafa kason masu amsawa, ka zaɓi ɗaya ka faɗi wadda ka bi, kada ka cire matattun lambobi a ɓoye don adadin ya yi kyau. In an kammala kuma, ka koma wa waɗanda suka amsa da waɗanda ba su amsa ba da gajeren saƙo, shafi ɗaya ko murya ta minti biyu: ga abin da kuka ce, ga abu ɗaya da muka sauya saboda shi, ga wanda ba za mu iya ba da dalilinsa. Sannan ku haɗa kai da sauran sassan ƙungiyarku ku ajiye kalanda ɗaya ta bincike, kada mutum ɗaya ya samu fom daga sassa uku a wata guda.